LOKACIN SHUKA KABEJIN SIN A LAMBUN GIDA: BAYANI GA HAKIMAN ƘASAR KATSINA DA MALAMANSU

An rubuta wannan 'yar takarda domin Hakimai na ƙasar Katsina da malamansu masu riƙe da littattafan gunduma, saboda ta bakinsu ne maganar hukuma ta kan isa ga dagatai da masu unguwa, har ta kai ga maigida a zaurensa. Abin da za a yi magana a kansa ƙarami ne ga ido, watau wani ganye da a ke kira pakcoi, wanda a nan za mu riƙa ce masa kabejin Sin, da kuma lokacin da ya dace a zuba irinsa a lambun cikin gida. Amma kada ƙanƙantarsa ta sa a raina maganar. Mutumin da ya sayi iri da kuɗinsa, ya yi ta jan guga safe da yamma har kwana talatin, sa'an nan ganyen ya miƙa kara ya yi fure bai sami na miya ba, da wuya ya sake komawa ga lambu, da wuya kuma ya sake gaskata wanda ya ba shi shawara. Irin wannan hasara kuwa, in aka bi diddiginta, galibi daga ranar shuka ta kan taso.

WANE IRIN GANYE NE?

Asalinsa daga ƙasar Sin ne, can an fi shekara dubu ana nomansa. Sunan nan pakcoi daga harshen mutanen Kanton ya fito, a kudancin ƙasar, ma'anarsa kuwa farin ganye. A jikin takardar iri za a ga an rubuta Pak Choi, wani lokaci Bok Choy, duk abu ɗaya ne. Dangin kabeji ne, dangin lansir ne kuma, wanda kowace uwargida ta san shi. In aka zuba ƙwayar irinsa a tafin hannu, da ƙyar a ke rarrabe ta da ta kabeji. Amma shi ba ya dunƙule kai. Ganyensa kore ne shar, yana tsaye bisa wasu ƙafafu masu kauri, farare ko kore-kore, kowace kamar ƙaramin ludayi, sun taru sun rungumi juna daga gindi. Da ganyen da ƙafar duka a ke ci. Malamai su lura da wannan siffa, gama akwai wani ganyen dabam wanda shi ma a kan ce da shi kabejin Sin, dogo mai dunƙulewa kamar an naɗe tabarma. Wancan ya fi wannan jinkiri, ba kuma shi mu ke nufi ba.

Ba ganye ne da aka saba gani a kasuwanninmu ba, ba kuwa mu ce ya zo ya kori alayyafo ko zogale ba. Abin da ya sa ya cancanci a ba shi fangali ɗaya ko biyu shi ne saurinsa. Kabejin da muka sani ya kan ci kwana 100 zuwa 120 tun daga zuba iri har yanka. Wannan kuwa kwana 40 zuwa 50 sun ishe shi, in ma ana so a ci shi yana ƙarami a kan cire shi a kwana 30. Saiwarsa ba ta nitso ƙwarai, saboda haka ya kan yi a tsohon bokiti ko a buhun da aka cika da ƙasa da taki, a gefen rijiya ko a bayan ɗaki, inda matan aure za su iya kula da shi ba sai sun fita ba. Yana ɗauke da bitamin A mai amfani ga ido, da bitamin C, da sinadarin da ke gina ƙashi, yana kuma zuwa ne a watannin da miyar gidaje da yawa ta koma kuka da busasshiyar kuɓewa. Ya kan shiga miya, da fate, da dambu, a kan kuma ɗan tafasa shi a yi kwaɗo. Ba ya son doguwar dahuwa.

HALINSA DA ZAFI DA SANYI

Kabejin Sin ɗan sanyi ne. Ya fi sakewa idan ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 15 da 25 na santigired. Ya kan jure wa rana mai zafin digiri 30 muddin dare ya yi sanyi, ƙasa kuma ba ta bushe ba. Abin da ba ya jurewa shi ne zafi dare da rana babu hutu.

Ga yadda al'amarin ya ke. Irin wannan tsiro aiki biyu ne a gabansa, ya fara tara ganye, daga baya ya yi fure ya ba da iri. Mu bukatarmu tana ga aikin farko ne kaɗai. Muddin yana cikin jin daɗi ya kan daɗe a kan tara ganye. Amma da zarar ya takura, ko don zafi, ko don ƙishirwa, ko don an tsinka masa saiwa wajen dashe, sai ya bar ganye ya yi gaggawar ba da iri tun bai mutu ba. Za a ga tsakiyarsa ta taso, kara ya fito yana miƙewa, bayan 'yan kwanaki ƙananan furanni rawaya sun buɗe a bisansa. Daga nan ganyen ya kan ƙanƙance, ya yi tauri, ɗanɗanonsa ya ɓaci. In kuwa ya fara, babu ruwa ko takin da zai mai da shi baya. Masu lambun latas na Ƙofar Marusa ba sa bukatar a yi musu wannan bayani, don sun saba ganin haka ga latas ɗinsu kowace shekara in bazara ta kawo jiki, ya miƙe, ya yi ɗaci, mai saye ya wuce. Kabejin Sin halinsu ɗaya a nan, sai dai shi ya fi saurin fushi.

Akwai kuma wata hanya ta biyu da ya ke yin fure, wadda ba kowa ya san ta ba. Idan tsiron yana ƙarami ya sha sanyi mai tsanani, watau ƙasa da digiri 10, kwanaki da yawa a jere, sa'an nan ɗumi ya biyo baya, sai ya ɗauka lokacin sanyin ƙasarsu ya wuce ke nan, lokacin ba da iri ya yi. A ƙasashen sanyi wannan babbar damuwa ce. A wurinmu da sauƙi, domin ko dare ya yi ɗari, hantsi ya kan zo da ɗumi ya warware mafi yawan abin da dare ya ƙulla. Duk da haka mai lambu a kwarin fadama, inda sanyi ya ke taruwa, ya kamata ya rufe ƙananan tsirrai da zana ko ciyawa a dararen ƙarshen Disamba da Janairu, ya yaye da hantsi.

SHEKARAR KATSINA

To, yanzu sai mu ɗauki wannan hali nasa mu gwada shi da shekararmu, lokaci bayan lokaci.

Damina a birnin Katsina ta kan zauna daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara wajen milimita 600, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Mutum zai ce ai marka akwai sanyi, ga ruwa kyauta, me zai hana? Gaskiya ne rana ba ta da zafi ƙwarai a Agusta, amma dare ba ya sauka ƙasa da digiri 20 sai kaɗan, ga iska cike da laima. Wannan shi ne abin da cututtukan dangin kabeji su ke so. Ƙananan tsirrai su kan ruɓe daga gindi su faɗi, manya kuma bakin ganyensu ya yi rawaya, jijiyoyin su yi baƙi. Ruwa mai ƙarfi ya kan turmushe iri ko ya kwashe shi, tsutsa kuma lokacinta ke nan. Gwani mai tudun kunya da rumfa yana iya samun wani abu, amma ba za mu shawarci talaka da wannan ba. Damina tana da nata ganyaye, alayyafo da rama da yakuwa da lalo, waɗanda ba su roƙon kowa kome. A bar musu lokacinsu.

Bayan ɗaukewar ruwa sai agazari, zafin nan na ƙarshen Satumba da Oktoba. A nan ne mutane da yawa su ke rudewa. Ruwa ya ɗauke, rijiyoyi cike, ƙasa da sauran danshi, an yanke gero hannu ya ɗan sami sarari, sai mutum ya ga kamar yau ce ranar. Alhali kuwa rana a Oktoba ta kan kai digiri 35, ƙasar jigawa irin tamu ta ɗauki zafi har ba ta takuwa da tsakar rana. Irin zai tsiro, gama shi ba ya ƙin tsirowa cikin ɗumi, amma tsiron zai fito siriri, ya yi ta yaushi kullum da azahar, ya taso a takure. Wanda ya taso a takure kuwa shi ne mai saurin fure. Aikin Oktoba shi ne gyaran wuri, a kafa danga, a haƙe fangali, a zuba ruɓaɓɓen taki a juya shi, a nemi iri tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai hunturu. Daga farkon Nuwamba iska ta kan juya ta riƙa busowa daga arewa maso gabas, dare ya fara sanyi. A Disamba da Janairu zafin rana ya kan tsaya wajen digiri 30, na dare kuwa ya sauka zuwa 12 ko 14, wani daren ma ƙasa da haka. Wannan shi ne gidan kabejin Sin a ƙasarmu, babu wani. Cikin waɗannan watanni ya kan yi kauri, ƙafafunsa su cika da ruwa, cuta kuma ta yi sauƙi saboda bushewar iska.

Daga tsakiyar Fabrairu al'amari ya fara juyawa. Maris na kamawa zafin rana ya wuce digiri 35, a Afrilu ya kai 38 zuwa 40, wata ranar ya haura. Dare ma ya daina ba da hutu. Ruwan rijiya kuma a lokacin ne ya ke ja da baya, har a shiga zaɓe tsakanin sha da ban ruwa. Duk kabejin Sin da bazara ta tarar a fangali, na tumaki ne.

Ashe ƙofar ba ta da faɗi. Ta kan buɗe a farkon Nuwamba, ta rufe wajen 10 ga Janairu, mafi kyawunta kuwa daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba.

Amma shekaru ba su zama ɗaya ba, gundumomi ma haka. Wajen Funtuwa da Bakori da Malumfashi ruwa ya fi yawa, ya kan kuma yi jinkirin ɗaukewa har cikin Oktoba. Wajen Jibiya da Kaita da Mashi ya kan ɗauke da wuri, zafin bazara kuma ya fi tsanani. Saboda haka kada Hakimi ya ɗauki 1 ga Nuwamba kamar ranar haraji. Kwanan wata jagora ne, amma dare shi ne shaida. Idan aka kwana huɗu ko biyar a jere mutum yana laluben mayafi kafin asuba, ruwan randa ya yi sanyi da safe, leɓe ya fara bushewa, hazo ya fara lulluɓe gari, gawo kuma ya yi sabon ganye bisa ga al'adarsa ta saɓa wa sauran itatuwa, to, lokaci ya yi. In waɗannan ba su bayyana ba a ƙara mako guda. Jinkirin mako guda a farkon Nuwamba ba ya cutar da kome, garajen mako biyu a Oktoba kuwa ya kan cinye irin duka.

LISSAFI DA BAYA

Yadda aka sami ranar rufewa ba boyayyen abu ba ne, kowane malamin Hakimi zai iya yin lissafin da kansa. Ana farawa ne daga ranar da a ke so a gama cire ganye, a ƙirgo baya. Muna so fangali ya zama babu kome kafin ƙarshen Fabrairu. Ganyen yana bukatar kamar kwana 45. Wanda ya zuba iri ran 10 ga Janairu zai cire ran 24 ga Fabrairu, ya tsallake da ƙyar. Wanda ya zuba ran 1 ga Fabrairu, ranar cirewarsa ta faɗa tsakiyar Maris, watau makonni biyun ƙarshe, waɗanda su ne na yin kauri, cikin zafi za su zo. Wannan in ya nace sai ya ci abinsa yana ƙarami a kwana 30, kada ya jira girma.

Da wannan lissafi a ke auna 'yan'uwansa ma. Kabeji mai dunƙulewa ya kan yi mako 4 ko 5 a wurin reno, sa'an nan mako 10 zuwa 12 bayan dashe. Shi kam tilas a zuba irinsa tun cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, a yi masa rumfa ya wuce agazari a inuwa, domin dunƙulewarsa ta zo cikin ɗari. Mutumin da ya makara har Disamba ta yi nisa, kabeji ya wuce shi a wannan shekara. A irin wannan hali ne kabejin Sin ya ke da rana, don shi har yanzu da sauran lokacinsa. Ni a ganina wannan ita ce babbar fa'idarsa a gare mu, ta ma fi zancen ɗanɗano.

Wani abu kuma, kada a zuba irin duka rana ɗaya. Ganyen nan in ya isa cirewa ba ya jira, mako guda ko kwana goma ya fara tsufa, in kuma an cire ba ya ajiyuwa fiye da kwana biyu ko uku sai a firiji. Gida ɗaya ba zai cinye gindi ɗari cikin mako guda ba. Kamata ya yi a raba irin, a riƙa zuba kaɗan kowane mako biyu, misali ran 1 da 15 da 29 ga Nuwamba, da 13 da 27 ga Disamba, da 10 ga Janairu. Shuka shida ke nan. Ta fari za ta iso tsakiyar Disamba, ta ƙarshe a ƙarshen Fabrairu, gida ya yi mako goma bai rasa ɗanyen ganye ba. In kuma wata shukar ta gamu da tsautsayi, saura suna nan.

A KAN TAKARDAR IRI DA KWANAN WATA

Akasarin irin nan daga ƙasashen waje ya ke zuwa, da rubutu a bayan takardarsa. Malamai masu karanta Turanci su ne za a riƙa kawo wa ita su fassara, don haka a yi hattara. In takardar ta Ingila ce za a ga an ce a shuka a watannin tsakiyar shekara, wajen Yuni zuwa Agusta. Wannan gaskiya ne, amma a Ingila. Can Disamba da Janairu ƙanƙara ce ta ke sauka, Yulinsu kuwa bai kai Janairunmu zafin rana ba. Wanda ya bi watan takarda a Katsina zai zuba irinsa cikin marka. Haka nan littattafansu su kan yi dogon gargaɗi a kan tsawon yini, domin can yini ya kan wuce awa 16 a Yuni, dogon yini kuwa yana tunzura ganyen ya yi fure. Mu a nan bambancin yininmu mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kamar awa ɗaya da rabi ba, saboda haka wannan ba ita ce damuwarmu ba. Abin da za a ɗauka daga takarda shi ne sunan irin, da yawan kwanakin da ya ke bukata, da shekarar da aka ƙulla shi. In an ga an rubuta cewa irin mai jinkirin fure ne, kamar wanda a ke kira Joi Choi, shi za a fifita.

Iri ya kan mutu a kanti in ya sha bazara. Kafin a ɓata fangali a gwada shi, a ƙirga ƙwaya 20, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a gindin randa. Bayan kwana biyar ko bakwai a buɗe. In 15 sun tsiro irin lafiya lau. In ba su kai 10 ba a nemi wani, ko a zuba shi da kauri.

Sai zancen watanni. Jama'armu da yawa da watannin Musulunci su ke tuna al'amura, mutum ya ce bara bayan Mauludi na shuka ya yi kyau. Watannin nan masu daraja na ibada ne, da wata a ke ƙirga su, shekararsu kuwa ta gaza ta rana da kamar kwana 11. Watan da ya faɗa cikin hunturu bana, bayan shekara takwas ko tara cikin kaka zai faɗa. Sanyi kuwa rana ya ke bi. Tun da daɗewa malamanmu sun san haka, shi ya sa su ke da lissafin taurari 28, kowane da kwana 13 banda guda ɗaya mai 14, wanda manoma su ke tambaya a kansa kafin shuka. Wannan lissafi da na Janairu zuwa Disamba duka rana su ke bi, kowanne aka riƙe daidai ne. Abin da mu ke roƙo shi ne in za a yi shela a faɗi ranar da ɗayansu.

Ga misalin da ya shafi kowa. Cikin Azumi a ke yawan neman ɗanyen ganye don buɗa baki. Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, na 2027 kuwa bisa ga lissafi zai kama wajen 8 ga Fabrairu, in Allah ya kai mu, ganin wata ne dai zai tabbatar. Watau a shekarun nan Azumi yana ta matsowa cikin hunturu, abin da zai yi wa mai lambu daɗi. Mai son ganyensa ya iso a farkon Azumin 2027 sai ya ƙirgo kwana 45 baya, ya zuba iri wajen 25 ga Disamba 2026, ya ƙara wani ran 10 ga Janairu don tsakiyar watan.

RANAR SHUKA DA BAYANTA

Wannan ba takardar koyar da lambu ba ce, malaman gona sun fi mu sanin aikin, amma akwai 'yan abubuwa da in aka kuskure su zaɓen lokaci ya zama banza. A zuba iri da la'asar cikin ƙasa mai danshi, zurfinsa kada ya wuce rabin gaɓar yatsa. Ya fi kyau a shuka shi a inda zai zauna, ƙwaya biyu ko uku a rami, taƙi guda tsakanin rami da rami, in sun tsiro a rage a bar ɗaya. Ya kan tsiro cikin kwana 3 zuwa 7. Wanda ya fi son dashe ya yi shi tun tsiron yana mako biyu ko uku, da yamma, ya ɗauko shi da ƙasarsa. Dashen da ya tsufa a wurin reno yana daga cikin manyan masu jawo fure.

Hunturu yana da kyauta yana kuma da haraji. Iskarsa busasshiya ce, ta kan tsotse ƙasa kafin azahar, saiwar ganyen kuwa a sama-sama ta ke. Yini guda na ƙishirwa ya isa ya sa shi fushi. A ba shi ruwa kullum, a jigawa safe da yamma, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsa, a kafa zana ko dangar kara ta gefen arewa maso gabas don tare iska da ƙura. A riƙa ɗaga ganye ana duba bayansa saboda darɓa da ƙananan tsutsotsi. A lambun gida hannu ya isa ya cire su, ko a fesa ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya. Maganin feshi na kanti kuwa, ga ganyen da za a ci bayan 'yan kwanaki, kada a taɓa shi sai da izinin malamin gona. Kada kuma a mai da shi fangalin da aka cire kabeji bara, gama cutarsu ɗaya ce.

Ruwan da za a ba shi ma abin dubawa ne. Lambunan da ke bin rafin Ginzo, ta Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri, sun daɗe suna ciyad da birni da ganye, amma da rani abin da ke gudana a rafin galibi ruwan magudanun gari ne. Mai lambun gida da ke da rijiya ko famfo ya tsira daga wannan, kada ya mai da kansa ciki da ruwan kwata. Ruwan alwala da na wanke hatsi ba laifi. Na makewayi da na wanki mai sabulu da yawa a nisantar da su. Kowane ganye kuma, na gida ko na kasuwa, a wanke shi da ruwa mai tsabta kafin ya shiga tukunya.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

Ana roƙon Hakimai, Allah ya ƙara musu girma, su sa a yi wannan magana tun cikin Satumba, a wurin taron dagatai, ba sai hazo ya sauka ba, domin mai niyya ya sami wata guda na gyaran wuri. Kada a tilasta wa kowa. In aka sami gida biyu ko uku a kowane gari waɗanda suka yarda su gwada, ya isa a shekarar fari, in ya yiwu ma a fara daga bayan gidan Hakimi ko na dagaci, inda masu zuwa gaisuwa za su gani da idonsu. Mai neman ƙarin bayani a tura shi ga malamin gona na ƙaramar hukuma, ko ofishin KTARDA mafi kusa. Masu noman rani a Ajiwa da Jibiya da Zobe su ma wannan lissafin lokaci ya shafe su, sai dai su kada su cika fili da shi kafin su tabbatar da mai saye.

Ga malamai kuwa akwai aiki ƙarami mai amfani. Kowane malami ya keɓe shafi guda a littafinsa, ya ja layi biyar. A na fari ya rubuta ranar ruwan ƙarshe na shekara a gundumarsa, a na biyu ranar da hazo ya fara sauka, a na uku ranar da kowane mai gwaji ya zuba iri, a na huɗu ranar da ya fara cirewa, a na biyar ranar da aka ga fure na fari. A rubuta wanda ya ɓaci kamar yadda a ke rubuta wanda ya yi kyau, kada a ɓoye shi don kunya, gama daga ɓataccen ne za a gane inda ƙofar ta rufe a wannan gunduma. A kwafi shafin a miƙa wa malamin gona kafin ƙarshen Maris, asalin kuma ya zauna a ofishin Hakimi don a duba shi in Satumba ta zagayo.